Igiyar Rijiyar Ashafa

A zamanin da Nasara bai daɗe da kama ƙasa ba, an ji labarin jirgin ƙasa ya iso Kano amma a nan ba wanda ya ga ko hayaƙinsa, akwai wani ƙauye arewa da duwatsun Dutse da ake kira Garin Ashafa. Gida arba'in ne, ko ma ba su kai ba. Dabino ya kewaye shi, ga kuka biyu a bakin hanya, ga masallaci mai rufin jinka, sai rijiya ɗaya tal wadda mutumin da ya sari garin ya haƙa, zurfinta gaba goma sha takwas. A wannan gari Lado mai haƙar rijiya yake zaune, a gidan wansa Idirisu, tare da tsohuwarsu Iya.

Lado ɗan garin ne, amma ba a garin ya girma ba. Yana da shekara tara mahara daga Ningi suka faɗo wa gonaki da damina, suka kashe ubansa a tsakiyar kunya, suka saɓa shi a kan doki. Aka yi ta wucewa da shi hannu zuwa hannu kamar gishirin fatake, har ya tsinci kansa a Lakwaja, inda manyan ruwa biyu suka haɗu. Da aka ce bauta ta ƙare, wata tsohuwa Banufiya mai bandar kifi ta ɗauke shi. Kirista ce. Ba ta taɓa matsa masa ba. Waƙa kawai take yi tana juya kifi, shi kuma yana iza mata wuta. Sai da gemu ya fara tsiro masa, sannan da ƙafarsa ya je ya ce yana so a yi masa baftisma. Aka shiga da shi kogi da hantsi, ruwa iya ƙirji, aka nutsar da shi aka ɗago. Abin da bai taɓa mantawa ba shi ne hasken da ya gani a ƙarƙashin ruwan nan, kore-kore, tsit, kamar an lulluɓe duniya da ganyen ayaba, da kuma yadda ya ji jikinsa sakayau da ya fito, sai ka ce an sauke masa dami daga ka. Tun daga ranar ya san Yesu Almasihu ne Ubangijinsa, ba don tsohuwa ba, ba don Bature ba.

Da tsohuwar ta rasu sai gida ya fara kiransa. Ya koyi haƙar rijiya a wurin leburorin gwamnati, ya yi ta bin aiki gari-gari yana yin arewa, har wata rana ya hango duwatsun nan sun taso daga cikin ƙasa kamar shanu a kwance. Shekara ashirin da ɗaya rabonsa da su. Ya tarar idon Iya ya yi yana, ba ta ganin komai sai inuwa. Ta sa ya durƙusa, ta shafa kansa, ta laluba kunnensa na hagu inda ƙaya ta taɓa tsaga shi. Ta ce, "Auta ne."  Idirisu ya yanka rago, ya share masa ɗaki a cikin gida, ya yanka masa gefen gona. Akushi ɗaya suke sa hannu safe da yamma.

A ranar ya kamata ya faɗa musu ya zama Kirista. To amma magana kamar kunu ce, in ba a sha ta da zafi ba sai ta daskare. Ya ce bari murna ta lafa. Murna ta lafa, ya ce bari a yi girbi. Aka yi girbi, ya ce Iya na tari, ba yanzu ba. Abin da yake tsoro guda ne, kada a ce ya fita daga gidan nan. Ya taɓa rasa shi sau ɗaya, ya san ɗacin abin.

Sai ya zama gwanin uzuri, sana'arsa kuwa ta rufa masa asiri. In an kira azahar yana ƙasan rami, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku yi taku, jikina duk laka ne, in na fito na yi." Da asuba ya riga kowa fita. Magariba a hanya take samunsa. Ran Juma'a dagi ya dakushe, dole a kai shi wurin maƙeran Dutse. In watan azumi ya kama sai aiki ya taso masa a Ringim ko Taura, matafiyi kuwa ba a titsiye shi. Ran Lahadi kuma ciwon baya ke tashi. Sai ya ɗauki tabarma ya tafi can ƙarshen dabinai, ya kwanta rigingine, yana kallon yadda rana ke tsiyayowa ta tsakanin ganye, yana rera waƙoƙin tsohuwar nan a maƙogwaro, baki a rufe. A nan yake addu'arsa, ido biyu amma kamar mai barci. Wani lokaci sai ya ga kamar kogin ne ya biyo sawunsa, ya malalo ta tsakanin duwatsu, kwale-kwale na wucewa sannu a hankali ta saman dabino, masunta na ɗaga masa hannu. In ya ji tafiyar mutum sai ya haɗiye waƙar, ya kama nishi.

Akwai Bubayero, Bafulatanin da ke shayar da shanunsa a rijiyar, mutum ne da bakinsa ba ya ajiya. Wata rana ya same shi a kwance, ya dogara sanda ya ce, "Kai Lado, wannan baya naka malami ne. Ni da nake lafiya lau sai kwanaki su ɓace mini, shi kuwa bai taɓa kuskure ba. Kwana shida shiru, na bakwai ya ce salamu alaikum."

Lado ya ce, "Kai da ba ka taɓa sunkuyawa ba sai in za ka tatsi nono, me ka sani game da baya?"

Suka yi dariya tare, amma ta Lado a haƙori ta tsaya.

Haka aka ci damina uku.

A bazarar shekara ta huɗu ruwa ya yi jinkiri. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya watse. Ganyen kuka da ya fara leƙowa ya tsaya cak. Ana cikin wannan sai rijiyar Ashafa ta fara rowa: a zura guga ya fito da rabi, daga baya ya fito da taɓo, daga baya ya fito da wari kawai. Dattawa suka leƙa suka ce gefe ne ya zabtare ya toshe idon ruwa. Mata suka koma tafiyar rabin yini zuwa fadama don tulu ɗaya. Shanun Bubayero suka kewaye bakin rijiya suna kuka, haƙarƙarinsu a waje. Ba makawa sai an yashe ta, kuma duk garin ba wanda aka duba sai Lado.

Sai dai rijiyar Ashafa ba a shigarta haka kawai. Shekarun baya mutum biyu suka shiga yasa, mugun iskan ƙasa ya buge su, aka fito da su ba su ko samu cikawa da kalmar shahada ba. Tun daga nan dattawa suka kafa ƙa'ida. Duk mai shiga sai ya tsaya a bakin rijiya gaban jama'a, liman ya faɗi kalmar shahada, shi kuma ya maimaita sau uku da ƙarfi. Ya nemi gafarar danginsa. Sannan ɗan'uwansa na jini ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya riƙe ta da hannunsa har ya fito. In ta Allah ta kasance a can ƙasa, to ya tafi da shirinsa. Duk rijiyoyin da Lado ya yi aiki a kansu ko sababbi ne ko na wasu garuruwa, bai taɓa yin wannan tsayuwa ba.

Malam Uwaisu, limamin garin, ya zo zauren Idirisu bayan la'asar. Tsoho ne siriri, mai magana a hankali kamar yana auna hatsi. Ya ce, "To, Sarkin Rijiya, gari ya zuba maka ido. Gobe da hantsi, in Allah ya kai mu."

Lado ya ce, "Allah ya kai mu, Allah gafarta Malam."

Idirisu ya ce, "Na riga na murza sabuwar igiya, ta rama ce, riɓi uku. Ko giwa na sauke da ita."

Lado ya tashi ya nufi dabinai, ya zauna yana lissafin hanyoyinsa kamar mai dara. Ta farko, ya ɗaure ƙafa da tsumma ya ce ƙaya ta shige shi, a aika Ringim a kira wasu. Kwana huɗu ke nan zuwa da dawowa, in ma an same su. Ta biyu, ya tsaya ya maimaita abin da aka ce ya maimaita. Baki ne kawai, ai Allah zuciya yake dubawa. Wannan ta fi yi masa daɗi, har ya ji kamar wani malami ne ya zauna kusa da shi yana yi masa nasiha. To uzurin da ya fi haɗari ke nan, wanda ya zo sanye da rigar wa'azi. Ya juya ta, ya juya ta, sai ya ga ba zai iya ba: mutum ya tsaya a bakin kabarinsa, ya ari kalmar da mutane ke mutuwa a kanta, ya yi wasa da ita a gabansu, ya kuma yi musun wanda ya ba wa ransa, duk a numfashi ɗaya. Hanya ta uku kuwa, ta faɗin gaskiya, ko kallonta bai yi ba. Ya koma gida ya nemi tsumma.

Da gari ya waye ya fito daga ɗaki yana ɗingishi. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta. Ruwan da aka raba mata ta ba jikoki, ita kuma ta buga tafin hannu a ƙasa ta yi taimama, ta yi walaharta a zaune. Ya tsaya har ta shafa addu'a.

Ta ce, "Auta, na ji kana jan ƙafa."

"Ƙaya ce, Iya. Jiya a dabinai. Ta kumbura."

"Kawo in ji."

Ya miƙa mata, don ba yadda zai yi. Ta kwance tsumman a hankali. Ta bi tafin ƙafar da yatsa, daga dunduniya har 'yan yatsu, ta koma ta sake bi. Ba ƙaya, ba kumburi, sai kaushi irin na mai aiki. Ya jira ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta mai da tsumman, ta naɗe shi tsaf, ta ƙulle.

Ta ce, "Na ɗaure maka da kyau, kada ya kwance a gaban mutane."

Da ma mari ta yi masa. Ya fita daga gidan bai san yadda ya fita ba. A gindin kuka ya tsuguna ya kwance tsumman, ya rataye shi a reshe, ya taka ƙasa da ƙafa biyu. Ƙasar da zafi tun da hantsin. Ya ce a ransa, "Ubangiji, ni dai ba ni da abin faɗi. In ka buɗe bakina, to." Ya saɓa dagi ya nufi rijiya.

Gari duk ya hallara, maza a gaba, mata can baya da tuluna. Lado ya fara da aikinsa. Ya kunna fitilar mai, ya sa ta a kwando, ya zura. A gaba goma sha biyar harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya mutu. Ya sa aka saro rassan itace masu ganye, aka ɗaure su dami guda, aka yi ta zurawa ana fizgowa, ana zurawa ana fizgowa, don a koro mugun iska. Ya sake zura fitila. Wannan karon ta kai ƙasa tana ci, ko da yake da ƙyar. Ya sake cewa a ƙara kaɗa ganye. Ya duba gungumen da aka gitta a baki. Ya duba kwando. Ya duba igiya taku-taku. Da ya rasa abin dubawa, Malam Uwaisu ya ce, "To, matso."

Ya matso. Malam ya faɗi kalmar shahada, muryarsa a kwance, ya dakata.

Lado shiru.

Malam ya ɗauka bai ji ba, ya maimaita. Wata saniya ta yi kuka. Bubayero ya ce daga gefe, "Yau dai Talata ce. Ko ciwon bayan ya hauro baki?" Aka yi 'yar dariya.

Sai Lado ya ji muryarsa ta fito, kamar daga wani wuri can nesa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba zan iya maimaitawa ba. Allah ɗaya ne, wannan na yarda. Amma ni mai bin Yesu Almasihu ne, wanda kuke kira Annabi Isa. An yi mini baftisma a kogin Lakwaja, da son raina, ba wanda ya tilasta ni. Shekara uku ina zuba muku ƙarya. Bayana lafiyarsa lau. Dagina bai taɓa dakushewa ran Juma'a ba. Gafarar da zan nema ke nan, wurinku duka, balle Yaya da Iya. Rijiya kuwa zan shiga. In na mutu a ciki, na fi so ku san wanda kuka binne."

 Mata suka ɗauki salati. Wani ya ce, "Ashe Nasara muke kwana da shi!" Wani ya ce, "In ya shiga ai ya ɓata ruwan. Wa zai yi alwala da shi?"

Malam Uwaisu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kai da ka faɗi haka, ran kasuwar Miga a wace rijiya kake alwala? Hannun nan ne ya haƙa ta." Ya juyo ga Lado. "Ban ji daɗi ba, Lado. Wallahi ban ji daɗi ba. Kuma ba zan ce ban yi zargi ba, shekara uku ban taɓa ganin ƙasa a goshinka ba. Na ƙi tambaya don kada in ji amsa. Ka ga ni ma ina da nawa ciwon bayan." Ya gyara rawani. "Kalma dai ba zan cusa maka ita ba, ba a kai wa Allah ita da aro. Wannan ɓangare ya faɗi. Saura igiya, ita kuwa ba tawa ba ce."

Ido duka ya koma kan Idirisu. Yana tsaye da igiyar a hannu, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

Ya ce, "Akushi ɗaya, Lado. Shekara uku, akushi ɗaya."

"Yaya..."

"Kada ka kira ni Yaya yanzu. Juya."

Lado ya juya. Idirisu ya zagaya masa igiyar a ƙugu, ya ja ta da ƙarfin da sai da numfashin Lado ya ɗauke. Ya ƙulla, ya sake ƙullawa, ya gwada da haƙori. Ya ce a kunnensa, "In na ja sau ɗaya, ka amsa da biyu. In ka ja uku, mu fito da kai. Ka ce wa wanda kake bi ya riƙe ka daga ƙasa, ni zan riƙe daga sama. Sauran magana sai ka fito."

Mutum shida aka shirya za su tsaya bayan Idirisu a kan igiya. Uku suka karkaɗe riga suka koma gefe. Bubayero ya yar da sanda, ya yafito ƙannensa biyu. Ya ce, "Ni shanuna ba su san Nasara ba, ƙishirwa suka sani. Sauka, mai baya."

Lado ya sauka.

Duk wanda bai taɓa shiga tsohuwar rijiya ba, ba zai gane ba. Da farko zafi na bin ka, da hayaniya. Sannan hayaniyar ta zama kamar kukan zuma a cikin amya. Sannan sanyi ya kama ƙafarka, ya hauro gwiwa, ya hauro ciki. Bakin rijiya da ka bari kamar daɓe ya koma kamar faifai, ya koma kamar farin wata, kawunan mutane a gefensa kamar tsuntsaye a kan katanga. Lado yana juyawa a hankali a jikin igiya, bango na wucewa, jan ƙasa, farar ƙasa, marmara, saiwar dabino da ta biyo danshi tun daga sama kamar gashin tsohuwa. Ya ji abin mamaki: ba ya jin tsoro. Abin da ya shekara uku yana dannewa a maƙogwaro ya taso da kansa, ya buɗe baki ya kama waƙa. Rijiya ta karɓa ta mayar masa, murya biyu, murya uku, sai ka ce jama'a ce a jere a cikin bango suna amshi.

Ƙafarsa ta nutse a taɓo. Ya fara cika kwando, ana ja, ana dawo da shi. Kwando goma, kwando ashirin. Igiya ta motsa a ƙugunsa sau ɗaya, ya amsa da biyu. Iskan wurin nauyi gare shi, kana shaƙa kamar kana shan kunu. Can sai kansa ya fara yawo. Ya ga bangon rijiya ya buɗe, ga kogi shimfiɗe har ƙarshen gani, kore-kore. Ga tsohuwa Banufiya a bakin gaɓa tana juya kifi. Ga ubansa a tsakiyar ruwa yana huɗa, gero na tsirowa a bayansa a kan ruwan. Ba wanda ya yi masa magana, ba wanda ya tambaye shi komai. Wurin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce bari ya ɗan zauna, kaɗan kawai, ya jingina da bango.

Igiya ta fizge shi. Bai amsa ba. Ta sake fizga, da fushi, har ta ɗaga shi tsaye, ta ci naman ƙugunsa. Zafin ya dawo da shi. Ya laluba ya ja sau biyu.

A gabansa ga falalen marmarar da ya zabtaro ya kwanta a kan idon ruwa. Ya cusa dagi a ƙarƙashi, ya danna da ƙirji, ya kira sunan Ubangijinsa da ƙarfi ba a maƙogwaro ba. Dutsen ya yi ƙara, ya mirgina. Da farko ba komai. Sannan ya ji wani sanyi ya lasar masa yatsun ƙafa, ya kewaye idon sawu, yana ɓulɓulowa da 'yar murya kamar jariri. Ya kai ƙwauri. Ya kai gwiwa. Ya ɗiba da hannu ya sha, ya ɗaure dutsen a igiyar kwando, sannan ya ja tasa sau uku.

Da aka fito da shi ya kwanta a ƙasa, sama fari fat a idonsa. Guga na farko ya fito da ruwa, ja ne amma ruwa ne. Wata mata ta rangaɗa guɗa, ta kai rabi ta tuna, ta katse. Idirisu ya durƙusa ya sa kunne a ƙirjinsa. Tafin hannunsa biyu duk sun saɓule, jini na bin yatsu. Da ya tabbata yana numfashi, ya miƙe.

Ya ce, "Igiya daban, gida daban. Ba zan ƙara ci da kai ba. Ka nemi wurin zama." Ya juya ya tafi.

Abin da Lado ya shekara uku yana gudu ke nan, ga shi ya zo da rana tsaka. Ya yi zafi kamar yadda ya zata, bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Sai dai ya lura ƙafafunsa na ɗauke da shi. Ya koma gida ya naɗe tabarma, ya haɗa dagi da kwando da rigarsa biyu. Yana ɗaurewa Rakiya matar Idirisu ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta dube shi ba, ta ce Iya na kira.

Ya tarar da Idirisu a tsugune, hannuwansa naɗe da ganye. Iya ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta juya fuska wajensa ta ce, "Kai babba, gidan nan wa ya gina?"

"Baba ne."

"To ni ban ji ya ce a kori kowa ba."

Idirisu ya ce, "Iya, yara na gani. Gari na gani. Ta ƙofa ɗaya za mu riƙa fita, ni in yi masallaci shi ya yi wani wuri? Gobe in ɗana ya tambaye ni, in ce masa me?"

 Hawaye ya biyo kuncin Iya, ba ta share ba. Ta ce, "Kai kuma Auta, kada ka ɗauka raina bai ɓaci ba. Ya ɓaci. Zan yi ta roƙa maka shiriya har ranar da za a rufe ni, ko kana so ko ba ka so."

Lado ya ce, "Ni ma ina roƙa miki, Iya. Kullum."

"To, sai mu ga wanda za a riga ji." Ta ja majina. "Ɗakinsa ai a jikin katanga yake. A toshe ƙofarsa ta cikin gida, a fasa masa wata ta waje. Shi da ƙofarsa, kai da taka. Tuwonsa a akushinsa. Ban raba ku ba, ban haɗa ku ba. Abin da na iya ke nan."

 Idirisu ya ce, "A toshe ta da kyau."

Iya ta ce, "A bar 'yar kafa inda akushi zai wuce."

 Idirisu ya tashi ya fita.

Washegari da hantsi Lado ya kwaɓa ƙasa da ruwan rijiyar, ya jera tubali a ƙofar da ya shekara uku yana shiga, ya bar kafa daidai faɗin akushi. Ya zagaya ta waje da dagi. Masu wucewa zuwa ɗiban ruwa wasu suka ce masa sannu da aiki, wasu suka kau da kai, wata ta ja ɗanta ta canza hanya. Ɗakin a kusurwa yake, bango biyu ke kallon waje, ya tsaya yana auna wanda zai fasa. Sai ya ji muryar Iya ta cikin kafar.

"Auta."

"Na'am, Iya."

"Ku in za ku yi taku sallar, ina kuke dubawa?"

"Ko'ina, Iya."

Ta juya maganar a baki ta ji ko tana da tsakuwa.

Ta ce, "To fasa ta arewa. Ta yamma rana za ta dame ka."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga dagi.